TARIHI: Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya koyar da malaman Misira ilmin lambobi

A shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741, wani baƙo ya kwanta ciwon ajali a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti da ke birnin Alƙahira. Kafin ya cika, ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukan abin da ya bari, har da littattafansa. Wannan wasiyya ita ce sanadin da labarinsa ya tsira. Bayan fiye da shekara goma aka haifa wa mai gidan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman, wanda ya girma ya zama babban marubucin tarihin Misira, shi ne ma ya rubuta labarin shigar Napoleon ƙasar a 1798. Da ya zo tsara tarihin malamai a littafinsa Aja'ibul Asar, sai ya ware wa baƙon mahaifinsa gurbi, ya ambaci malamansa da littattafansa da inda aka binne shi.

Sunan baƙon Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Kashinawi a bakin Larabawa Bakatsine ke nan. A jerin laƙabobinsa akwai kuma al-Danrankawi, wanda ke nuni da Ɗan Ranko, wani tsohon garin fatake a ƙasar Katsina. Ya san fiƙihun Malikiyya, ya san nahawu da manɗiƙi, amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ilmin aufaƙi, wato tsara lambobi a cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla iri ɗaya.

Katsinar da ya tashi a cikinta ba baƙuwar ilmi ba ce. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu al-Maghili ya sauka a birnin, Jalaluddin as-Suyuɗi kuma ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Misira. Masallacin Gobarau ya daɗe yana tara almajirai. A ƙarni na 17 birnin ya yi Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Bayan da rundunar Maroko ta karya daular Songhai a 1591, hanyoyin fatauci suka karkato gabas, Katsina ta zama babbar tashar ayarin Sahara, littattafai kuwa suna biyo raƙuma kamar yadda gishiri da alharini suke yi.

Al-Jabarti ya lissafa malamansa. Akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafulatanin malamin ƙasar Bagirmi, wadda take cikin Chadi ta yau, can gabas da tsaunukan Mandara waɗanda garin Mubi ke zaune a gindinsu. Shi ne mai littafin tauhidin nan al-Manhajul Farid. Akwai Shaihu Hashimu da Muhammadu Fodu. Sai kuma Shaihu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ne ya ɗauki ilmin haruffa da aufaƙi da hisabi da sanin lokuta, bisa tsarin mutanen Magariba. Jerin sunayen nan kaɗai ya isa ya nuna faɗin duniyar da almajirin wancan zamani ke yawo a cikinta. Daga Katsina zuwa Barno zuwa Bagirmi, makaranta ɗaya ce mai zaure da yawa.

Haruffa masu nauyi

Kafin a fahimci aikinsa, sai an san yadda malaman zaure suke kallon baƙaƙen Larabci. Kowane harafi yana da adadinsa a tsarin abajada: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, a haura har dubu. Da haka ake mai da kalma lamba, a kuma mai da lamba kalma. Marubuta waƙoƙin Hausa da Fulatanci sun daɗe suna rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in an tara haruffanta za ta ba da shekarar da aka yi waƙar.

A nan akwai wani tarko da mai karatun tsofaffin takardu ya kamata ya kiyaye. Lissafin Magariba, wanda ƙasar Hausa ta gada, ya saɓa da na Gabas a haruffa shida. A Magariba shin ce 1000, a Gabas kuwa gain ce 1000, shin 300. Sad a Magariba 60 ce, a Gabas 90. Saboda haka shekarar rasuwarsa, 1154, malamin Katsina zai rubuta ta da shin, ƙaf, nun, dal, Bamisire kuma ya fara da gain. Wanda ya karanta ramzin Katsina da ma'aunin Misira zai ɓata da shekara 700. Al-Kashinawi ya tashi da tsari na farko, ya je ya koyar a ƙasar tsari na biyu.

Shi kuwa wafaƙi, wanda jam'insa aufaƙi, mafi ƙanƙantarsa shi ne mai gida tara, uku sau uku:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

A tara a kwance, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, amsa 15 ce. Ba dace aka yi ba. Jimlar lambobi daga 1 zuwa 9 ita ce 45, layi uku ne za su raba ta daidai, kowanne ya sami 15. Haka kuma dole 5 ta zauna a tsakiya. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, wato 45, sai dai na tsakiya da suka ƙara taɓawa sau uku. Ragowar 15 ɗin ninki uku ne na lambar tsakiya, ita ce 5. Da 5 ta zauna, 2 da 4 da 6 da 8 ba su da wurin zama sai kusurwoyi. Haruffansu ba, dal, waw da ha, su ne suka haɗu suka ba da sunan nan Buduhu da ake gani a tsofaffin takardu.

Malaman hatimi suna da ƙa'idar shigar da kowane adadi cikin wannan gida. Sunan Allah a abajada 66 ne. A ɗebe 12, a raba saura gida uku, a sami 18. Sai a fara jeri daga 18 a tsaya a 26, 22 ta faɗa tsakiya, kowane layi ya ba da 66. Sunan Laɗifu 129 ne, jerinsa daga 39 zuwa 47. Duk ɗalibin sakandare zai gane cewa wannan aljabara ce, ko da mai yin ta bai kira ta da wannan suna ba.

Jimlar layi a kowane wafaƙi tana da hanya ɗaya. A ninka yawan gidajen gefe da kansa, a ƙara ɗaya, a sake ninkawa da yawan gidajen gefen, a raba biyu. Mai huɗu 34, mai biyar 65, mai bakwai 175, mai tara 369. Wanda ya zana mai gida ɗari a kowane gefe, layinsa zai ba da 500,050. Masana sun kasa aufaƙi gida uku bisa irin lambar gefen. Akwai wutiri, kamar 3 da 5 da 7. Akwai shafa'in da ke rabuwa huɗu, kamar 4 da 8 da 12. Akwai kuma shafa'in da rabinsa wutiri ne, kamar 6 da 10 da 14, wanda shi ne mafi taurin kai. Mai biyu sau biyu ba ya yiwuwa sam.

Lambar da ba a ƙirga ba sai a 1973

Tambayar da ke nuna girman fannin ita ce, wafaƙi nawa za a iya ginawa a kowane mataki? In ba a ƙirga juya takarda ko kallon ta a madubi a matsayin sabon abu ba, mai uku guda ɗaya ne tak. Mai huɗu 880 ne, kamar yadda Bafaranshen nan Bernard Frénicle de Bessy ya lissafa a aikinsa da aka buga a 1693. Daga nan abin ya kuɓuce wa alƙalami. Mai biyar sai a 1973 Ba'amurke Richard Schroeppel ya ƙirga shi da kwamfuta, shekara 232 bayan rasuwar al-Kashinawi, ya sami 275,305,224.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan lamba. Ta kusa ninka yawan 'yan Nijeriya na ƙidayar 2006, wato 140,431,790. Malamin da zai zana wafaƙi ɗaya kowane minti, ba barci ba hutu, sai ya yi shekara 523 kafin ya gama. Shafa'i ce, tana rabuwa da 8 ba saura. Alƙalumanta tara in an haɗa su 30 ne, don haka tana rabuwa da 3 amma ba ta rabuwa da 9. A raba ta da 24 a sami 11,471,051. In aka ƙirga juye-juye takwas da kowane wafaƙi ke da su, adadin ya zama 2,202,441,792.

Duk da wannan yawa, samun ɗaya da ka aiki ne da ba ya yiwuwa. Hanyoyin zuba lambobi 25 a gidaje 25 sun kai 15,511,210,043,330,985,984,000,000, lamba mai alƙaluma 26. Ma'ana, a cikin kowane zubi tiriliyan 7,000, kusan ɗaya ne kawai ke fitowa daidai. Mai gwada sa'a zai ƙare ransa bai dace ba. Abin da ke fitar da mutum shi ne ƙa'ida, kuma ƙa'idojin ne al-Kashinawi ya tattara ya bayyana.

Cikin hanyoyin da ya yi bayani don gina wafaƙin wutiri akwai masu aron tafiyar 'ya'yan shaɗaranji, darar nan mai sarki da waziri da doki wadda a Barno ake kira tsatsarandi. Doki yana tsallen gida biyu a miƙe da ɗaya a gefe, waziri a tsohon wasan yana taku ɗaya a karkace. Ga misalin yadda irin wannan hanya ke aiki. A sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Kowace lamba ta gaba ta yi tsallen doki, gida biyu dama, ɗaya sama. In ta fita ta sama ta shigo ta ƙasa, in ta fita ta dama ta shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Bayan kowace lamba biyar doki zai tarar da gidansa a cike, sai a yi takun waziri, ɗaya ƙasa ta dama, a ci gaba:

1 15 24 8 17
23 7 16 5 14
20 4 13 22 6
12 21 10 19 3
9 18 2 11 25

Kowane layi 65. Amma wannan ya wuce nan. Karkatattun layukan da suka karye suka zagayo ta ɗaya gefen su ma 65 suke bayarwa, misali 15, 16, 22, 3 da 9. Irin waɗannan 3,600 ne kacal a cikin miliyan 275 ɗin. Sannan duk gidaje biyu da ke fuskantar juna ta tsakiya jimlarsu 26 ce, kamar 1 da 25, ko 8 da 18. Masu wannan siffa 48,544 ne. Waɗanda suka haɗa siffofin biyu 16 ne a duniya, wannan ɗaya ne daga cikinsu, kuma da tawada da alƙalamin kara ana gama shi kafin shayi ya huce.

Makka da Alƙahira

Ya yi aikin hajji a 1142, wato 1730, ya zauna a Makka yana mujawara. A can ya fara rubuta ad-Durrul Manzum wa Khulasatus Sirril Maktum, a kan ilmin ɗalasimai da taurari, wanda ya gina bisa wani littafi da ake danganta wa Fakhruddin ar-Razi. Ya kammala shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, ƙarshen 1733. Kafin nan, a 1145, ya gama Bahjatul Afaƙ, littafinsa a kan haruffa da aufaƙi, wanda masana tarihin lissafi suka fi komawa gare shi. Yana da waƙen manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus, ya kuma yi masa sharhi da kansa. Yana da Bulugul Arab a nahawu.

Alƙahira a lokacin tana ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa, Azhar kuwa tana da masaukan ɗalibai bisa ƙasashensu, har da na mutanen Barno. Hasan al-Jabarti, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Zaila a gabashin Afirka, shi ke riƙe da masaukin Jabartawa kamar yadda iyayensa suka riƙe. Bahanafe ne, masanin falaki da awo, gidansa cike da littattafai da kayan auna taurari. Mutum irin wannan ne ya zauna gaban Bakatsine ya karanci aufaƙi. Shaihu Ahmad ad-Damanhuri, wanda ya zama Shaihun Azhar a 1768, shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsa. An saba jin ɗan ƙasar Hausa ya je Misira neman ilmi. Wannan ya je da nasa, aka shimfiɗa masa buzu.

Fannin kansa ba shi ya ƙirƙira ba, kuma masu cewa haka ba su yi masa adalci ba. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun zamanin da. Ikhwanus Safa na Basra sun kawo aufaƙi a rubuce-rubucensu a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya yi littafi a kansu na lissafi zalla. Daga baya Ahmad al-Buni, mai Shamsul Ma'arif, ya ɗaura su da sunaye da asirai, aka kuma raba su ga taurari bakwai, mai uku na Zuhalu, mai tara na wata. Wannan gado biyu, na lissafi da na asiri, a haɗe ya iso Katsina. Abin da al-Kashinawi ya yi shi ne ya ƙware a kansa har ya tsara hanyoyinsa a littafi, ya mayar wa mutanen Gabas.

A daidai shekarun nan Turawa ma suna fama da abin. Simon de la Loubère, jakadan Faransa a Siyam, ya komo gida da wata hanyar gina wafaƙin wutiri ya buga ta a 1691. Benjamin Franklin, da aka naɗa shi akawun majalisar Pennsylvania a 1736, ya kan kashe gajiyar dogayen muhawarori da zana irin waɗannan gidaje a takarda, abin da duk wanda ya taɓa ɗaukar bayanin zaman kwamiti zai fahimta. Leonhard Euler ya gabatar da nasa nazarin a 1776. Bahjatul Afaƙ ya riga biyun ƙarshe.

Tsakanin lissafi da asiri

Sunansa ya sha wahala a hannun ɓangare biyu. Wasu sun ga kalmar ɗalasimai a bangon littafi suka ajiye shi a sahun masu duba. Wasu kuma, don kishin nuna cewa Afirka ta yi masana, suka share asirin gaba ɗaya suka mai da shi farfesan lissafi irin na jami'a. Littattafansa ba su goyi bayan ko ɗaya ba. Ya yi imani lambobi da haruffa da taurari suna da tasiri, don haka ya rubuta. Malaman Musulunci sun daɗe suna saɓani a kan wannan, Ibn Khaldun ya soki ilmin haruffa a Muƙaddima tun ƙarni na 14, kuma har gobe ana jayayya a kai a zaurukan Arewa. Amma hukuncin amfani da hatimi daban, ingancin lissafinsa daban. Layi ko ya ba da 65 ko bai bayar ba, kuma nasa suna bayarwa. Haɗa falaki da duban taurari ma ba a kansa aka fara ba, Johannes Kepler ya yi wa sarakunan Turai wannan aiki ƙarni guda kafin shi.

Da ya rasu, Hasan al-Jabarti ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

A gida, sai bayan samun 'yancin kai aka sake waiwayarsa da idon bincike. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya wallafa nazari a kan yadda ya bayyana ilmin ramzi, a mujallar Cibiyar Adana Rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. A 1973, shekarar da kwamfuta ta ƙirga aufaƙin mai biyar, Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta fitar da littafinta Africa Counts, ta gabatar da hanyoyinsa ga malaman makarantun Turai da Amurka, bisa kwafin rubutun hannu da ke makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Jacques Sesiano, masanin tarihin lissafi a Suwizalan, ya bi hanyoyinsa na gina wafaƙin wutiri ɗaya bayan ɗaya. Ad-Durrul Manzum an buga shi a Misira, yana yawo a hannun masu sayar da littattafan Larabci. Bahjatul Afaƙ kuwa mafi yawan masu ambatonsa ta bakin waɗannan masu bincike suka san shi, kuma ɗalibin lissafi a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina zai fi saurin cin karo da sunan de la Loubère kafin nasa.

Ƙirgar da aka fara a zamaninsa ba ta ƙare ba. Wafaƙi mai shida, na rukunin nan mai taurin kai, sai a 'yan shekarun nan aka iya ƙirga shi, bayan kwamfutoci masu yawa sun yi watanni suna aiki. Adadin yana da alƙaluma 20, ya haura 17,000,000,000,000,000,000. Daga mai bakwai zuwa sama, har yau ƙiyasi ake yi.